Tafintan Kwamfuta da Aikin Tace Umarni

Sa'ad da John Backus da jama'arsa na IBM suka fito da harshen rubuta shirin kwamfuta mai suna FORTRAN a 1957, masana sun yi shakkar cewa manhaja mai fassara umarnin ɗan Adam zuwa harshen na'ura za ta kamo gwanintar masu rubuta umarnin da hannu, saboda haka aka wajabta wa tafintan nan bin shiri daki-daki yana tacewa. Lissafin da amsarsa ba ta sauyawa cikin zagayen da ake maimaitawa sau dubu, sai ya fitar da shi a yi sau ɗaya. Umarnin da ba a amfana da sakamakonsa kuwa, ya shafe shi. Mushkilar da har yau take wahalar da malaman fannin ita ce tartibin da za a bi wajen tacewar, domin wata tacewar tana buɗe wa 'yar'uwarta ƙofa, wata kuma tana toshewa.