Rajistar manoma: wa ke tsaron bayanan da muke bayarwa don buhun taki?

A wannan shafi muna taƙaita muku abin da ya gudana a shirinmu na noma. A wannan makon mun tattauna ne a kan wani abu da kowane manomi ya taɓa yi, amma ba kasafai yake tsayawa ya yi tunani a kansa ba. Malamin gona ya zo ƙauye da takarda ko waya, ya ce a yi layi. Sai a karɓi sunanka, da lambar wayarka, da lambar katin ɗan ƙasa, da girman gonarka, wani lokaci har da hoto da lambar asusun banki. Kai dai burinka taki ya iso kafin damina ta yi nisa. To, bayan malamin ya tafi, ina waɗannan bayanai suke kwana, kuma wa ke riƙe da mabuɗinsu?

Tara bayanan manoma ba laifi ba ne, domin hukuma ba za ta iya tallafa wa wanda ba ta san da shi ba. A Najeriya, shirin GES da aka fara a 2012, lokacin da Akinwumi Adesina yake ministan noma, ya yi wa miliyoyin manoma rajista. Manomi yakan sami saƙo a wayarsa, ya je wurin dillali ya karɓi taki buhu biyu a rabin kuɗi. Manufar ita ce a cire 'yan tsakiya da ke karkatar da taki. Amma daga ranar da aka soma haka, hukumar noma ta zama mai ajiyar sirrin mutane, kamar banki ko asibiti.

Haɗarin kashi uku ne. Na farko, damfara. Wanda ya mallaki sunanka da ƙauyenka da lambar wayarka, in ya kira ka ya ce daga ofishin taki yake, ai da wuya ka yi shakka. Daga nan sai ya nemi lambar sirrin asusunka. Na biyu, kuskure da sunayen bogi. In an rubuta sunan mutum ɗaya sau uku, ko an cusa wanda bai taɓa riƙe fartanya ba, manomin gaskiya ne zai tashi hannu rabbana. Na uku, a yi amfani da bayanan a inda ba a yi da kai ba: a miƙa jerin lambobin ga 'yan kamfe, ko ga ɗan kasuwar da ke son sanin wa ya noma me, don ya karya farashi da kaka.

To me doka ta ce? Najeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a watan Yunin 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC. Nijar ta riga ta, don tun 2017 ta yi tata dokar, ta sake sabunta ta a 2022, kuma hukumar HAPDP ce ke sa ido. Ta Gana kuwa tun 2012 ce. Ƙashin bayansu ɗaya ne: a karɓi abin da ake buƙata kawai, a faɗa wa mutum dalili, kada a yi wani aikin daban da shi, a tabbatar daidai yake, kuma kada a ajiye shi har illa masha Allahu. Ku lura fa, hukumar gwamnati tana iya tara bayanai saboda aikin da doka ta ɗora mata, ba lallai sai ta nemi amincewar kowa ba. Amma wannan bai ba ta lasisin yin yadda ta ga dama ba.

Nan ne aikin jami'in kare bayanai yake shigowa. Dokar Najeriya ta ce duk wata babbar ma'aikata mai riƙe da bayanan jama'a sai ta naɗa irin wannan jami'i. Mutane sukan ɗauka aikin masu gyaran kwamfuta ne. Ba haka ba ne. Aikinsa na farko shi ne ya san abin da ke cikin rumbu: waɗanne bayanai aka tara, a wace na'ura suke, wa ke iya buɗe su. Sai ya raba iko, wato dillalin taki ya ga sunayen manoman yankinsa kaɗai, ba na jiha baki ɗaya ba. In za a ba wani kamfani kwangilar tura saƙonni, shi zai tabbatar an rubuta cewa kamfanin ba zai sayar da lambobin ba, kuma zai goge su in aiki ya ƙare. Shi ne kuma zai horar da malaman gona, don sau da yawa ɓarakar ba daga ɓarayin intanet take zuwa ba, daga ma'aikacin da ya ɗauki hoton jerin sunaye ya tura a zauren WhatsApp take zuwa. In kuwa bayanai suka fita ta yadda za su iya cutar da masu su, dokar Najeriya ta ba da awa 72 a sanar da NDPC.

Sai dai jami'in da ba ya iya ce wa shugabansa "ranka ya daɗe, wannan ya saɓa doka" hoto ne kawai. Dole ya kasance yana kai rahoto ga shugabannin ƙoli, kuma ba a tsige shi don ya faɗi gaskiya.

Wani mai saurare ya yi tambaya mai nauyi: in an ɓoye sunayen waɗanda suka amfana, ta yaya za mu kama ɓarayin taki? Turai ma ta sha wannan muhawara. A 2010 kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci, a ƙarar da wasu manoman Jamus suka kai, cewa wallafa sunan kowane manomi da kuɗin tallafin da ya karɓa, ba tare da bambancewa ba, ya wuce gona da iri. Daga baya aka sake tsari: ana wallafa sunayen masu karɓar kuɗi da yawa, ƙananan kuma a sa musu lamba a maimakon suna. Darasin a nan shi ne, ana iya kafe sunayen masu karɓar taki a ƙofar mai gari don jama'a su tantance, ba tare da an haɗa da lambar waya ko ta banki ba.

Mu da ke zaune a bakin iyaka, abin ya fi shafar mu. Tsakanin Jibiya da Ɗan Isa, ko Illela da Birnin Ƙonni, akwai masu layin waya na ƙasashen biyu, da makiyayan da ke ƙetarawa kowace shekara. Dokokin sun sa sharaɗi kafin a fitar da bayanan mutum zuwa wata ƙasa, don haka ƙungiyar da ke aiki a ɓangarorin biyu sai ta kiyaye kowacce.

Kai kuma manomi, ga naka. Kafin ka ba da bayani, tambayi wace hukuma ce, kuma don me. Kana da 'yancin ganin abin da aka rubuta a kanka, a gyara in akwai kuskure. Lambar sirri ta banki kuwa, babu ma'aikacin gaskiya da zai nema, ko a waya ko ido da ido. In an ƙi saurarenka, kai kuka ga NDPC ko HAPDP.

Mu haɗu a shiri na gaba. Allah ya ba mu damina mai albarka.