Yarjejeniyar da kwamfuta ke zartarwa: me za ta tsinana wa ƙaramar hukuma?



Ana yawan maganar blokcen a kwanakin nan. Littafin rajista ne da ke ajiye a kwamfutoci masu yawa lokaci guda, abin da aka rubuta a ciki ba mai iya goge shi a ɓoye. A kansa ake gina yarjejeniya mai zartar da kanta: a rubuta sharaɗi, da zarar ya cika sai kuɗi su fita, ba sai an jira sa hannun wani ba. Manhajar Ethereum da ta fara aiki a 2015 ce ta yaɗa wannan tsari.

An gwada blokcen a wurare. Ƙasar Jojiya ta fara rubuta takardun filaye a kansa a 2016. Hukumar Abinci ta Duniya ta yi amfani da shi a 2017 wajen ciyar da 'yan gudun hijirar Siriya a sansanin Azrak na Jodan.

A Kamaru, dokar Disamba 2019 ta ƙara wa ƙananan hukumomi iko, FEICOM kuma tana tallafa musu da kuɗin ayyuka. A ce ofishin magajin garin Mora ya ba da kwangilar rijiyar burtsatse da wannan tsari. Kowa zai ga nawa aka ware da ranar da aka biya, ɗan kwangila kuma ba zai yi ta zarya ba. Wannan alheri ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu take.

To amma kwamfuta ba ta zuwa ƙauye ta ga ko ruwa ya fito. Mutum ne zai shaida mata an gama aiki. In ya yi ƙarya, ƙaryar za ta adana, kuma ta biya a kanta. Sannan shari'a ta san uzuri: ana jinkirta wa mabarci da ke cikin ƙunci, ana warware ciniki da yardar ɓangarori biyu. A yankin da Boko Haram ke tsayar da aiki, dole a bar ƙofar alƙali a buɗe. Ga kuma ƙarancin lantarki da intanet.

Don haka kafin a sayo na'ura, a fara liƙa kasafin kuɗi inda talaka zai gani, a zaɓi shaidu adalai daga unguwar da aikin yake.

Allah ne Mafi sani.