Hunturu da Ƙaramar Makarantar Firamare: Abin Lura Daga Nguru da Gashuwa

1.0 Gabatarwa

Manhajar ilimin tushe ta shekara tara, wadda Majalisar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Nijeriya ta fitar aka fara aiki da ita a 2008, ta jera batutuwan kowane aji ba tare da ta ɗaure su da wani wata na shekara ba. Hakan ba aibi ba ne, domin manhaja guda ce ake amfani da ita daga bakin teku har iyakar Nijar. Matsalar takan taso ne idan an zo rarraba batutuwan mako-mako da tsara jadawalin darussa, inda akan ɗauka cewa safiyar Janairu daidai take da safiyar Oktoba. Wannan maƙala za ta dubi yadda hunturu ke sauya rayuwar ƙaramar makarantar firamare a yankin Nguru da Gashuwa, a arewacin Jihar Yobe, da abin da malami da mai tsara aiki za su iya yi ba tare da sun jira an sake manhaja ba. Da ƙaramar makaranta ana nufin irin ta ƙauye ko ta bayan gari, mai ɗakuna biyu zuwa shida, inda sau da yawa malami ɗaya kan haɗa azuzuwa biyu.

2.0 Yanayin Wurin

Nguru da Gashuwa suna gefen hamada, amma kuma suna bakin ruwa. Kogin Haɗejiya da na Jama'are sukan bazu a nan su zama dausayi mai faɗi kafin su haɗu su zama kogin Yobe, wanda Gashuwa ke bakinsa. Damina gajeriya ce, wata uku zuwa huɗu. Daga ƙarshen Nuwamba iskar arewa maso gabas takan fara busowa, ta yi ƙarfi a Disamba da Janairu, ta lafa wajen ƙarshen Fabrairu. Mafi yawan ƙurar da take ɗauke da ita daga kwarin Bodele take, a ƙasar Cadi, wato busasshen gindin tsohon tafkin Cadi, wanda yana cikin wuraren da suka fi fitar da ƙura a duniya. A tsakiyar sanyi ma'aunin zafi kan sauka ƙasa da digiri 15 da asuba, sannan ya haura kusan 30 da azahar. Wannan tazara tsakanin safe da rana, tare da bushewar iska, ita ce abin da jikin yaro ke fama da shi.

Idan aka ɗora wannan kan kalandar makaranta, za a ga hunturu ya cinye ƙarshen zango na ɗaya, lokacin jarrabawa ke nan, da rabin farko na zango na biyu. Ba ƙaramin kaso ba ne na shekarar karatu.

3.0 Yinin Ɗalibi a Cikin Ɗari

A watan Janairu rana ba ta fitowa a Nguru sai wajen ƙarfe bakwai saura kwata, kuma ranar da hazo ya yi kauri takan daɗe tana kama da farin faifai, ba ta da ɗumi. Kafin wannan lokaci yaro ya riga ya yi sallar asuba, da yawa sun zauna makarantar allo, yarinya ta ɗebo ruwa ko ta yi wanke-wanke da ruwan da ya kwana a waje. Wanka kuwa sai an ɗora ruwa, itacen ɗora shi kuma kuɗi ne. Saboda haka wasu kan fito ba wanka, ƙafa da hannu furu-furu, wasu kan jira rana ta ɗaga. Wannan shi ne asalin makarar da rajista ke nunawa a wannan lokaci, kuma bai kamata a ɗauke ta a matsayin lalaci ba.

Abin da ya fi cancantar lura shi ne abin da makarar ke jawowa. Jadawalin darussa na al'ada yakan sa lissafi da karatu a darasi na farko da na biyu, bisa hujjar cewa ƙwaƙwalwa ta fi kaifi da safe. A cikin ɗari, waɗannan su ne darussan da rabin aji ba su iso ba tukuna, waɗanda suka iso kuma yatsunsu sun ƙage, riƙe fensir ma aiki ne. Yaron da ya rasa darasin farko na mako shida a jere ya rasa wani babi sukutum na lissafi, alhali rajista ta nuna yana zuwa kullum. Idan kuma aka tsare shi a bakin ƙofa domin horon makara, ko aka sa shi tsintar leda a fili cikin iska, an ƙara masa asara a kan asara. Akwai iyayen da, idan suka ga haka, sukan ce gara ya zauna gida har sanyi ya wuce.

Gyaran wannan yana hannun hedimasta. Tsakanin Disamba da tsakiyar Fabrairu ana iya juya jadawali: a gajarta taron safe, a fara da aikin baka da motsa jiki, kamar tatsuniya da kacici-kacici da langa ko gaɗa, waɗanda ke ɗumama jiki kuma wanda ya makara zai iya shiga cikinsu ba tare da ya rasa zaren darasi ba. Karatu da rubutu da lissafi su koma bayan tara, lokacin da aji ya cika kuma hannu ya saki. Yawan mintocin kowane fanni bai ragu ba. Wurinsu kawai aka sauya.

Ɗakin karatu ma yana da nasa. Inda tagogi suka rasa murafe, kuma yara na zaune a kan siminti, cikin aji yakan fi waje sanyi. Tunda iskar daga arewa maso gabas take, tagogin arewa da na gabas su ya kamata a fara toshewa, ko da da zana ko tabarmar kaba. Gindin bangon kudu kuwa ya fi ko'ina daɗin zama: gini ya tare iska, rana kuma a wannan lokaci ta karkata kudu, tana haska shi tun hantsi. Malaman ƙauye da dama sun san wannan da kansu, sukan fitar da yara can. Abin da ya rage shi ne mai duba makarantu ya san cewa dabara ce, kada ya rubuta ta a matsayin sakaci.

Sharar safe ba tare da yayyafa ruwa ba tana tayar da ƙurar da ta kwanta cikin dare, yara su shaƙe ta a rufaffen ɗaki. Mura da tari da ciwon ido da haɓo da faso duk na lokacin ne, kuma mai asma ya fi kowa wahala. Yankin yana cikin zirin da sanƙarau kan ɓulla a cikinsa, musamman daga ƙarshen hunturu zuwa bazara, don haka zazzaɓi mai tafe da ciwon kai da sanƙarewar wuya abu ne na kai wa asibiti nan take. Sai kuma wutar jin ɗumi da yara kan hura da kara da leda a bayan aji: hayaƙinta guba ne, iska kuma ba ta da wuyar kai tartsatsi ga danga ko rumbu.

4.0 Masu Zuwa da Masu Tafiya

Hunturu lokacin aiki ne a wannan yanki. Ruwan dausayi yana janyewa, ana yankan shinkafa, ana su, ana banda. Masu noman rani na dashen albasa da tumatir da tattasai, alkama kuma ba ta yi sai da sanyin. A tudu ana ɗiban ƙaro daga dakwara. Makiyaya kan gangaro fadama da dabbobinsu, magidanta kuma wasu kan tafi cin rani, su bar wa manyan yara aikin gida. Duk wannan yana taɓa ƙaramar makaranta fiye da babba, domin idan yara biyar suka bi iyayensu su daga aji mai mutum ashirin, kashi ɗaya cikin huɗu ke nan. An kafa Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa a 1989, daga baya aikinta ya haɗa da 'ya'yan masunta masu ƙaura, amma yaron da ke makarantar gari yana ɓacewa na mako uku ya dawo ba ya cikin lissafin kowa. Rajista tana nuna rashin zuwa, ba ta nuna dalili. Da malami zai ƙara layi ɗaya a gefe ya riƙa rubuta “su”, “lambu”, “ciwo” ko “tafiya”, da cikin shekara biyu makarantar ta san makonnin da bai kamata ta fara sabon babi mai wuya a cikinsu ba.

Akwai kuma azumi, wanda ke matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara. A 2025 ya fara a farkon Maris. Zuwa 2030 zai kama a farkon Janairu, cikin tsakiyar ɗari, kamar yadda ya kasance a ƙarshen shekarun 1990. Mai tsara zango na biyu na shekaru masu zuwa dole ya haɗa biyun a lissafinsa.

5.0 Hunturu a Matsayin Abin Koyarwa

Nan ne asarar ta fi yawa idan aka yi sakaci. Batun lokutan shekara yana cikin darussan Hausa da na kimiyya da na nazarin zaman jama'a, amma sau da yawa yakan faɗo a makon da tsarin aiki ya ajiye shi, ko da a tsakiyar bazara ne. Haka nan akan tarar da yaro ya haddace lokuta huɗu na Turai daga littafin Ingilishi, har da ƙanƙarar da bai taɓa gani ba, amma bai iya jera damina, kaka, hunturu da bazara da ayyukan kowanne ba. Matso da batun zuwa Janairu ba ya buƙatar izinin kowa sai na mai rarraba aikin zango.

A darasin Hausa, kalmomin lokacin kansu darasi ne. Sanyi gama-gari ne, yana iya zama na ruwa ko na inuwa. Ɗari shi ne busasshen sanyi mai ratsa jiki. Hunturu sunan iskar ne da lokacinta. Hazo kuma ƙurar da ta rataye a sama ta rage gani. Ɗan aji huɗu da ya iya bambance waɗannan a jimla ya koyi abin da ake kira zaɓen kalma. Amsa-kama ma a nan take da yawa: ruwa ya yi sanyi ƙalau, gari ya yi fari fat, ganye ya bushe ƙayau, kai ya yi buɗu-buɗu. Daga nan sai shifta, wadda ke ba da damar gwada baƙaƙe masu lanƙwasa, domin ɗari da ƙura da haɓo kowanne na ɗauke da ɗaya, sai kuma gajeren insha'i a kan “Safiyar Jiya a Gidanmu”, wanda kowane yaro yana da abin faɗi a kai.

Wajibi ne a tuna cewa ba kowane ɗalibi a nan ne Hausa take harshensa na gida ba. A Nguru akwai Mangawa masu magana da karin Barbarci, a Gashuwa akwai Badawa, ga kuma Fulani. Hausa ita ce ta kasuwa da filin wasa. Manufar ilimi ta ƙasa tun 1977 ta tanadi fara koyarwa da harshen uwa ko na muhalli, manufar harshe ta 2022 ta faɗaɗa hakan zuwa shekara shida, sannan a Nuwamba 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da komawa ga Ingilishi a matsayin harshen koyarwa. Ko ta wace hanya aka bi, yaro da harshensa yake shigowa aji. Malamin Hausa zai iya raba allo gida uku, ya sa yara su kawo sunan iska da ƙura da sanyi a Badanci da Manganci da Fulatanci. Badanci ɗan'uwan Hausa ne a cikin harsunan Cadi, kuma akwai ƙamusun Badanci da Ingilishi da Hausa da Farfesa Russell Schuh da abokan aikinsa 'yan Yobe suka fitar a 2004, har da na karin Gashuwa, wanda malami zai iya dubawa.

Kimiyya ba ta buƙatar ɗakin gwaji a wannan lokaci. A shafa basilin a kan farar takarda biyu, a ajiye ɗaya a tagar arewa, ɗaya a cikin kabad, a kwatanta su bayan kwana uku. A jiƙa ƙyalle biyu, ɗaya a inuwa mai iska, ɗaya a rufaffen wuri, a duba wanda ya riga bushewa, daga nan a bayyana dalilin tsagewar leɓe da dalilin da ruwan randa ke ƙara sanyi. A zaɓi wata bishiya ko hasumiyar masallaci mai nisa, kowace safiya monita ya rubuta ko ana hango ta sarai, ko dishi-dishi, ko ba a ganinta. A ƙarshen wata an sami jadawalin da za a yi ƙirga da kasafi da zanen ginshiƙai da shi, da alƙaluman da yaran suka tattara da hannunsu.

Sai tsuntsaye. Dausayin Haɗejiya da Nguru masauki ne ga agwagin ruwa da ƙananan tsuntsayen bakin ruwa masu tasowa daga Turai da arewacin Asiya, su ƙetare Sahara su yi watannin sanyi a nan. Saboda haka ne tafkin Nguru da mashigar Marma suka zama wuri na farko a Nijeriya da aka sa cikin jerin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar a 2000, kuma akwai mafakar tsuntsaye ta Dagona a ƙasar Bade. Yaro ya san shamuwa, ya san zuwanta albishir ne na damina. Idan aka nuna masa cewa akwai wasu baƙin da ke zuwa bayan ta tafi, kuma sanyin da yake rawar ɗari a cikinsa shi ne ɗumin da suka yi tafiyar dubban kilomitoci suna nema, to ya fahimci lokacin sanyin Turai fiye da yadda hoton ƙanƙara zai fahimtar da shi, ya kuma sami dalilin duba taswira. Makarantar da ke kusa da ruwa tana iya kai 'yan aji biyar da shida bakin tafki da hantsi, da izinin iyaye da rakiyar wani masunci da ya san sunayen tsuntsayen, kowane yaro da littafinsa, ya ƙirga irin da ya gani ya zana guda ɗaya.