Tafiya Bisa Keke A Dajin Ƙasar Jayyan

Duk almajirin da ya kai ga karatun nahawu ya san Alfiyya, ya kuwa san ana yi wa mai ita, Ibnu Malik, laƙabi da Aljayyani. To, Jayyan ɗin nan gari ne, yana nan har yau a kudancin ƙasar Sifen, watau Andalus ta cikin littattafai. A can aka haifi Shehin wajen shekara ta 600 ta Hijira, ya yi ƙaura zuwa Sham, ya rasu a Dimashƙa a 672, daidai da 1274 ta Miladiyya. Gabas da wannan gari, tafiyar kamar kilomita 100, akwai waɗansu duwatsu masu duhun daji, inda a zamanin nan mutane kan zo daga ƙasashe dabam-dabam, su ɗaura kaya a bayan keke, su yi kwana da kwanaki suna ratsawa.

Itacen da ya rufe duwatsun shi ne wanda Larabawa ke kira sanaubar. Dogo ne, miƙaƙƙe kamar giginya, ganyensa siriri kamar allura, ba ya kaɗewa rani da damina, jikinsa kuma yana fid da ƙaro mai ƙamshi wanda ke kama wuta nan da nan. Wanda ya taɓa zuwa Jos ya ga danginsa da aka dasa can. Iri uku ne suka fi yawa a wannan daji, kowane da inda ya fi so. Na gindin dutse shi ne wanda ake jinginawa ga birnin Halab, na can ƙoli kuwa mai farin ɓawo ne, shi ne kuma ya fi su tsawo da ƙarko. A cikin wannan na ƙoli akwai waɗanda masana suka ƙidaya zoben cikinsu suka iske sun yi shekara wajen 1,000, watau sun tsiro tun ba a gama rushe halifancin Ƙurɗuba ba. A shekara ta 1986 hukuma ta keɓe wurin duka, fili mai faɗin kusan hekta 210,000, babu keɓaɓɓen daji mai girmansa a Sifen.

Yawancin mahaya daga garin Kazorla su kan tashi, su nufi arewa zuwa Segura, wadda Larabawa ke kira Shaƙura. Tsakaninsu bai cika kilomita 100 ba. Mai mota ya kan shanye shi cikin wuni ɗaya har ya dawo, amma mai keke da kaya, in yana so ya ga abin da ya kawo shi, kwana uku ya kan ba shi. Guzurinsa jaka biyu a gefen kariya, da famfo, da faci, da tayar ciki ta ajiya, da gorar ruwa, da rigar sanyi ko da kuwa ya fito cikin zafi. Ba a yarda kowa ya kafa tanti inda ya ga dama ba, sai a masaukin da aka tanada, kuma daga farkon Yuni zuwa tsakiyar Oktoba an hana hura wuta a dajin. Dokar tana da dalili, gama a watan Agusta na 2005 tsawa ta ta da gobara wadda ta cinye fiye da hekta 5,000.

Kazorla kanta abar tsayawa ce. Fararen gidajenta sun manne a jikin dutse, bisansu ga wani tsohon hisni, tushensa na Musulmi, amma ginin da ido ke gani yanzu yawancinsa na waɗanda suka karɓe garin ne bayan an ba da ƙasar ga babban limamin Kirista na Ɗulaiɗila a 1231. A tsakiyar gari akwai kangon wata majami'a wadda maginanta suka ɗora bisa rafi, suka yi wa ruwan rumfar dutse ya riƙa wucewa ta ƙarƙashi. A 1694 ambaliya ta zo da duwatsu da itatuwa ta toshe rumfar, ruwa ya haura ya ɓata ginin, mutane da yawa suka halaka. Kangon yana nan ba rufi.

Da fita gari kaɗan sai hisnin La Iruwela, a kan wani tsinin dutse da mutum zai yi mamakin yadda aka kai masa kayan gini. Daga nan hawa ya fara. Kazorla tana bisa tsawon mita 800 da 'yan kai daga bakin teku, mashigin da za a ƙetare kuwa, wanda suke kira Ƙofar Tantabaru, ya kai wajen mita 1,200. Mai kaya sai ya sa ƙaramin giya, ya yi ta taka feda a hankali, ba gaggawa. In ya kai bisa ya waiwaya yamma, zai ga gonakin zaitun jere-jere har iyakar ganinsa, domin lardin Jayyan yana da itacen zaitun fiye da miliyan 60. In ya dubi gabas kuwa, babu kome sai sanaubar da kwari mai zurfi. A cikin kwarin nan kogin Wadil Kabir yake, wanda ya ratsa Ƙurɗuba da Ishbiliya, tsawonsa kilomita 657, amma a nan yaro ma ya iya tsallake shi.

Kogin nan shi ne mabuɗin labarin dajin duka, 'yan kasuwa kuwa za su fi kowa gane shi. Tun zamanin Musulmi dukiyar waɗannan duwatsu itace ce. Idrisi, mai littafin Nuzhatul Mushtaƙ wanda aka gama a 1154, ya ambaci garin Ƙaishaɗa, wanda yanzu ake kira Kesada, kudu da Kazorla, ya ce daga dutsensa ake saro itacen da ake sassaƙa akusa da faifayen cin abinci, ana kai su ko'ina a Andalus har Magrib. Wannan ciniki ne na masassaƙa, riba tana komawa gida. Abin ya sāke ne sa'ad da sarakunan Sifen suka bukaci katako na gina jiragen ruwan yaƙi. A 1748 aka yi dokar da ta sa dajin ƙarƙashin hukumar jiragen ruwa, har aka riƙa kiran wannan ƙasa ta kan dutse, wadda ba ta ko jin ƙamshin teku, da sunan Lardin Teku na Segura. Talakan da kakanninsa suka rayu da gatari ya wayi gari ba shi da ikon sare reshe sai da takarda. A kan sare itatuwan da damuna ta wuce, shanu su jawo su zuwa bakin ruwa, sa'an nan ƙungiyar mutane masu dogayen sanduna da ƙugiya a baki su kora gungumen bisa kogi, watanni suna tafe, har Ishbiliya. Da aka rushe wannan tsari a 1836, an ƙone takardun ofishinsa a garin Orsera.

Har wa yau ba a ƙyale dajin ba. Bayan yaƙin basasar Sifen, wanda ya ƙare a 1939, hukumar jirgin ƙasa ta shigo neman katakon da ake shimfiɗa dogo a kai, ta kafa injin tsaga katako a wani ƙauye mai suna Badiyo Kastiril, ta yi shekara arba'in da wani abu tana aiki. Da yawa daga cikin hanyoyin burji da masu keke ke yabo yau saboda lafiyar hawansu, domin manyan motocin katako aka fasa su. Mota mai nauyi ba ta son tsayayyen tudu, mai keke ma haka, shi ya sa hanyar ta yi musu daidai su biyu.

Daga gindin mashigin hanya ta bi kogi ta yi arewa, gangara mai sauƙi cikin inuwa. Nan ne daɗin tafiyar yake. Keke ba shi da ƙara, saboda haka barewar dajin da awakin dutse ba su cika gudu ba sai an zo kusa, ungulaye kuma suna shawagi bisa. Wanda ya zo a watan Satumba zai ji kukan mazajen barewa da dare kamar na bijimai. Sai dai ya kamata mai wucewa ya san abin da ya sa wurin ya yi shiru haka. A 1960 gwamnatin Janar Faranko ta mai da babban yanki na dajin wurin farautar manya, aka ƙwace gonaki, aka ta da ƙauyuka. Ƙauyen Koto Riyos, inda mahaya kan kwana su sayi burodi, an gina shi ne domin a zuba waɗanda aka taso. Mai lura zai ga kangayen gidaje cikin itatuwa, da itacen goro irin nasu da na ɓaure a inda ba mai shuka su yanzu.

Gaba kaɗan kogin ya zama tafki, domin madatsar Taranko da aka gama wajen tsakiyar shekarun 1940. Ruwanta ya haɗiye ƙauyen Buharaiza, sai tudun da kangon hisninsa ke kai ya rage, in tafkin ya cika ya zama tsibiri. Daga bakin madatsa hanya ta sāke miƙewa sama zuwa Ornos, ƙaramin gari a kan falalen dutse, wanda aka mai da hisninsa wurin duban taurari saboda tsabtar sararin wurin da dare.

Hawan ƙarshe shi ne mai wuya. Shaƙura tana bisa mita 1,100 da ɗoriya, ana hango ta tun daga nesa kamar an kife ƙwarya a kan tudu, hanya kuwa sai ta yi ta nannaɗewa, mutum ya ga gari kusa amma ya ƙi isowa. Ba abin kunya ba ne a sauka a tura. Idrisi ya ambaci wannan hisni da ƙarfinsa, ya kuma faɗi koguna biyu da ke fitowa daga duwatsunsa, ɗaya ya nufi Ƙurɗuba, ɗaya ya nufi Mursiya, haka kuwa abin yake. A tsakiyar ƙarni na 12 wani jarumi, Ibnu Hamushk, ya riƙe wurin yana ja da Muwahhiduna. A 1242 aka ba da garin ga ƙungiyar mayaƙan Santiyago, su ne suka sāke gina hisnin, shekara huɗu bayan haka kuma Jayyan kanta ta fita daga hannun Musulmi, Ibnu Malik yana can Sham. A ƙasan gari akwai ɗakin wanka irin na Larabawa mai sassa uku, na sanyi da na ɗumi da na zafi, an gyara shi ana shiga kallo.

Wanda ƙafarsa ba ta gaji ba yana iya ƙarawa. Akwai hanya mai alama da ake kira Dazuzzukan Kudu, zango 21, in an haɗa da rassanta kilomita 478, mafi yawanta keke na bi. Ita ce ke haurawa wani fako mai tsawon fiye da mita 1,600, inda itace ya yi ƙaranci, ruwa kuma ke nutsewa cikin dutse, mutum ya yi tafiya mai nisa bai sami na sha ba. Nan makiyayan tumaki ke kiwo da zafi, suna da 'yan ɗakunan dutse da matafiyi ke iya fakewa ciki. In sanyi ya kawo kai, wajen ƙarshen Nuwamba, su kan kora garken a ƙasa, tafiyar kwanaki, zuwa duwatsun Morena masu ɗumi, su bar fakon ga ƙanƙara har bazara.