Kifin Baga: Wa Ke Karɓar Haraji, Wa Ke Tsare Ruwa?

Duk wanda ya san Maiduguri ya san Kasuwar Baga, inda aka daɗe ana sauke bandar kifi daga Tafkin Cadi, a ɗaure ta cikin kwalaye, a loda wa manyan motoci zuwa Anaca da Inugu da Ibadan da Legas. Masunta da masu banda da dillalai da 'yan dako da direbobi duk a nan suke samun abin sawa a bakin salati. To, sana'ar da ke ciyar da jama'a haka ba ta rasa masu miƙo hannu, shi ya sa masana tattalin arziki suka mai da hankali a kanta, don su gane wa ke kafa mata doka, wa ke karɓar haraji, kuma me masunci ke samu a madadin abin da ya biya.

Tafkin kansa ya sauya. A 1963 faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000, amma farin shekarun 1970 da na 1980 ya janye shi ƙwarai, ya bar fadamu da mashigai. A waɗannan mashigai ne aka shiga kafa dumba, watau jerin gurar Mali da ake tare hanyar kifi da ita daga wannan gaɓa zuwa waccan. Alhali kuwa ƙasashen Hukumar Tafkin Cadi, wadda aka kafa a 1964, sun sa hannu a kan yarjejeniya a Inugu a 1977 wadda ta hana tare hanyar kifi.

Binciken da masana daga Jami'ar Portsmouth ta Ingila suka yi a bakin tafkin cikin shekarun 1990, da haɗin gwiwar Jami'ar Maiduguri, ya nuna cewa hanin bai hana dumba ba. Abin da ya faru shi ne izinin kafa ta ya zama abin saye, ana jayayya a kansa tsakanin lawanai da bulamai da ƙananan hukumomi da ma'aikatan gwamnati. Mai kuɗi ya sami mashigi, mai koma da mai ƙugiya suka koma gefe. Wannan ya yi kama da abin da wani Ba'amurke, George Stigler, ya rubuta a 1971, cewa sau da yawa dokar da aka kafa don tsare jama'a takan koma hannun manyan masu sana'ar, su juya ta yadda za ta amfane su.

Mai karatu zai ce, to me ya hana ƙananan masunta, da yake sun fi yawa, su haɗa kai? Mancur Olson ya amsa wannan tun 1965. Ya ce idan taro ya yi yawa, kowa yakan jira wani ya ɗauki wahalar, tun da in an ci nasara har da shi za a ci moriya. Amma Elinor Ostrom, wadda ta sami kyautar Nobel a 2009, ta bincika masunta da manoman rani a ƙasashe da dama, ta tarar akwai inda haɗin kai ya ɗore shekara da shekaru. Sharuɗɗan su ne a san iyakar ruwa da masu haƙƙi a cikinsa, masu sana'a su sa baki wajen kafa doka, su sa ido a kan juna, a hukunta mai laifi daidai laifinsa.

Rikicin Boko Haram ya ƙara fito da darasin fili. Bayan da aka auka wa garin Baga a watan Janairu na 2015, jama'a suka watse, sojoji kuma suka tsananta hana safarar kifi don toshe wa mayaƙa hanyar samun kuɗi. Amma rahoton da ƙungiyar International Crisis Group ta fitar a 2019 ya nuna cewa ɓangaren ISWAP ya ci gaba da karɓar haraji daga masunta a tsibiran tafkin. Watau hanin ya karya ɗan kasuwar Maiduguri, gwamnati ta rasa kuɗin shiga, harajin kuwa bai mutu ba, hannun mai karɓa ne ya sauya.

Saboda haka, in ana son sana'ar ta tsaya da ƙafafunta, bai isa a buɗe hanya kurum ba. Tun 1998 aka yi dokar da ta fayyace harajin da kowane mataki na gwamnati zai karɓa, ta kuma hana kafa shinge a hanya don karɓarsa. Kamata ya yi masunci ya san nawa zai biya, wa zai ba, a ba shi rasit, sa'an nan ya ga tsaro da hanya da wurin banda a madadin kuɗinsa. Kazalika a zauna da ƙungiyoyin masunta da dillalai kafin a yanke hukunci a kan mashigan ruwa, gama kome nisan ofis, mai kwalekwale ya fi shi sanin inda kifi ke kwana. Allah ya ba mu zaman lafiya.