Batir Ya Yi Sanyi Ko Ya Mutu? Bayani A Kan Na'urar Tayar Da Mota A Ƙasar Gumel

Duk wanda ya taɓa kwana a Maigatari bayan tashin kasuwar ranar Alhamis, lalle ya ga abin da kan faru da asubahin Juma'a a bakin tasha. Mota ta kwana da lodi, direba ya murɗa makulli, ba abin da za a ji sai ƙas-ƙas-ƙas, daga nan sai yaron mota ya shiga roƙon jama'a su taimaka da turi. A 'yan shekarun nan an sami wata 'yar na'ura mai girman ƙaramin littafi, mai wayoyi biyu masu bakin kaguwa, wadda ke raba direba da wannan roƙo. Wasu na kiranta busta, wasu kuma fawa bank ɗin mota. Mun so mu raɗa mata suna daga kalmar taya, wato taimako, sai muka ga zai ci karo da tayar da mota ke tafiya a kanta, don haka a wannan maƙala za mu kira ta agajin batir. Manufarmu ita ce mu bayyana abin da take iyawa da wanda ba ta iyawa.

Kafin a fahimci na'urar, wajibi ne a san shi batir ɗin. Wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ne ya ƙago batirin darma a shekarar 1859, kuma har yau irinsa ne a cikin yawancin motoci. Yana da ɗakuna 6, kowanne da faya-fayen darma jiƙe cikin ruwan asid, kowane ɗaki na ba da kimanin bolt 2.1, jimla 12.6 ke nan idan ya cika. Babban aikinsa shi ne juya sitata, wadda aka fara sa wa motar Cadillac a Amurka a 1912. Kafin nan da hannu ake wana inji. Fitilar gaba guda ɗaya amfiya 5 kawai take ja, alhali sitatar ƙaramar mota takan ja 150 zuwa 300 a lokaci guda. Wannan shi ne dalilin da ya sa rediyo zai yi magana, fitila ta kama, amma inji ya ƙi motsi.

A nan ne Hausar kanikawa ta yi mana gata, domin ta bambanta abubuwa biyu da mai mota kan haɗa. Idan an ce batir ya yi sanyi, ana nufin wutarsa ce ta ragu, ko don an bar fitila a kunne, ko don motar ta daɗe a ajiye, amma jikinsa lafiya lau. Idan kuwa an ce ya mutu, to faya-fayensa sun lalace, ko da an cika shi ba zai riƙe ba. Abin mamaki shi ne, a ƙasar Gumel zafi ne ke kashe batir, sanyi kuwa tona asiri kawai yake yi. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana kan wuce digiri 40, a ƙarƙashin bonet kuma ya fi haka; ruwan batir ya ƙafe, darma ta ci. Girgizar hanyoyin ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar ta ƙara kakkaɓe abin da ya saura. Sai Disamba ta zo, baƙin mai ya yi kauri, aikin sinadarin batir ya ragu, mota ta ƙi tashi, a ɗora wa hunturu laifin da bazara ta aikata.

A da turi ya wadatar, domin Fijo 504 da ire-irenta ana sa su a giya ta biyu, a saki kuloci, su ɗauka. Amma mota mai giyar otomatik ba ta tashi da turi, kuma ko mai giyar hannu ce, idan ta zamani ce, famfon manta da kwamfutarta na bukatar wuta kafin inji ya kama. Ga kuma rairayi, wanda mutum biyar ba sa iya ba mota gudu a cikinsa. Jona waya daga wata motar kuwa sai an sami motar, an kuma sami mai ita ya yarda.

Agajin batir ya samu ne saboda batirin litiyam, wanda kamfanin Sony na Japan ya fara fitarwa kasuwa a 1991, shekarar da aka cire Jihar Jigawa daga Kano. Irinsa ne a cikin wayar hannu. Ba shi da nauyi, yana kuma iya sakin wuta mai yawa cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Abin lura a nan shi ne, na'urar ba ta cika batirin mota. Aron ƙarfi kawai take ba sitata har inji ya tashi, daga nan cajar mota, wato altaneta, ta karɓi aikin.

Yadda ake amfani da ita kuwa, sai a kashe makulli da fitilu da rediyo, a ja birkin hannu, a cire mota daga giya. A maƙala jar waya a kan batir mai alamar tarawa, baƙar kuma a kan mai alamar ɗebewa, ko mafi kyau a jikin ƙarfen inji nesa da batir. Hikimar nisantawar ita ce batirin darma na fitar da iskar haidurojin, wadda tartsatsi kaɗan ke sa ta fashe, ta watsa wa mutum asid a ido. Saboda haka ba a shan taba a wurin, kuma batirin da ya kumbura ko yake yoyo ba a taɓa shi. Idan kan tamina ya yi farin gari, a kankare shi tukuna. Sai a kunna na'urar, a murɗa makulli na daƙiƙa 5, kada a wuce. In ta ƙi, a dakata minti 2 ko 3 kafin a sake. In ta tashi, a fara cire baƙar waya sannan ja, a kuma yi tafiyar aƙalla rabin sa'a ba a kashe inji ba.

Akwai kurakurai uku da muka fi jin tsoro. Manyan motocin da ke ɗaukar shanu daga Maigatari zuwa Kudu yawancinsu bolt 24 suke amfani da shi, na'ura mai 12 ba ta yi musu komai, mai 24 kuma tana iya ƙona wayarin ƙaramar mota. Na biyu, litiyam ba ya shiri da zafi. Barinta a gaban gilashi cikin rana na sa ta kumbura, wani lokaci har ta kama wuta. A ajiye ta a inuwa, a riƙa cika ta duk wata 3 ko ba a yi aiki da ita ba. Manyan lambobin amfiya da ake rubutawa a jikin kwali kuwa, ƙarfin ƙiftawar ido ne, girman injin da aka ce tana tayarwa shi ya fi cancanta a duba.

Kuskure na uku shi ne mafi muni, wato mayar da agaji magani. Mutum ya ga kullum da safe na'urar na tayar masa da mota, sai ya daina tunanin batir. Ranar da aka ɗauko mai naƙuda da tsakar dare daga wani ƙauyen Sule Tankarkar za a kai ta asibitin Gumel, idan caja ce ta lalace, motar za ta tashi, amma fitilu su dushe, inji ya mutu a tsakiyar daji, na'urar kuma ba za ta iya riƙe ta ba. Gane bambancin bai fi aikin minti 5 ba a wurin mai batir da mitarsa. Inji na aiki, ya kamata a ga tsakanin bolt 13.8 da 14.4, ƙasa da 13 alama ce caja ba ta ba da wuta. Idan kuma an cika batir ya kwana ba a taɓa shi ba, da safe aka sami 12.4 ko sama, ana kyautata zaton sanyi ne ya yi. In aka sami wajen 10.5, ɗaki ɗaya ya mutu, sai sayen sabo.