Sallah a Tsangaya: Yaron da Bai Je Gida Ba

Tun kafin jajiberin Sallah tsangayar da ke bayan birnin Kano take soma yin shiru. Malam ya ba da hutu, an jingine alluna a kusurwar zaure, murhun da ake zagayewa da karatun dare ya koma toka. Yaran da iyayensu suka aiko da kuɗin mota sun ƙulle 'yan tsummokaransu a buhu sun nufi tasha. Waɗanda suka rage galibi 'yan nesa ne, daga ƙauyukan Yobe ko Maraɗi ko Damagaram, sai kuma waɗanda aka jira saƙon gida bai iso ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, kuma talakan da ya tura ɗansa almajiranci shi ne na farko da abin ya kayar.

Abin mamaki shi ne, babu ranar da almajiri ke ƙoshi kamar ranar Sallah, kuma babu ranar da ta fi ta yi masa nauyi. Hatsin zakkar fidda kai ya shigo, tuwo da shinkafa sun cika robobi, in Babbar Sallah ce ga naman layya har a gaji. To amma sauran ranaku akwai abin da ke cinye masa lokaci: karatun asuba, wanke allo, bara, aike, karatun dare. Ran Sallah duk wannan ya tsaya, sai ido. Yana kallon sa'o'insa riƙe da hannun ubanninsu za su Idi, da la'asar kuma sun jera cikin anko suna yawon Sallah gidan kaka da gwaggo ana ba su goron Sallah. Shi kuwa yana bakin ƙofa da robarsa, a leƙo a ce, "Kai almajiri, zo ka karɓa." An ba shi abinci, ba a kira sunansa ba. Kolo ɗan shekara bakwai ba zai ce kewa ke damunsa ba. Sai dai a ga ya ƙi cin tuwon, ko ya tayar da faɗa kan abin da bai kai ya kawo ba, ko ya kwanta da rana tsaka ya juya wa mutane baya.

Saboda haka nake ganin masu rabon kayan Sallah, duk da ladarsu, rabin aikin suke yi. Sauran rabin yana hannun mutum biyu da tsarin tsangaya ya riga ya tanada: gardi da uwar ɗaki. Gardi shi ke rubuta wa ƙanana allo, ya biya musu, shi ya san wanda ke kuka da dare. In gardi ɗaya ya zauna bai yi tafiya ba, ya tashe su suka yi wanka, ya jera su zuwa Idi, ya ara wa kowa wayarsa ya ji muryar mahaifiyarsa ko na minti biyu ne, ya yi abin da buhun shinkafa ba zai yi ba. Uwar ɗaki kuwa, wadda yaron ke yi wa shara da ɗibar ruwa tana ajiye masa abinci, ita ce ƙofarsa ta shiga cikin gari. In ta yanka masa riga daga yadin da ta ɗinka wa 'ya'yanta, ta ce, "Ku tafi da ɗan'uwanku kallon hawan Daushe," ta fitar da shi daga sahun masu kallo daga waje.

Wasu malamai za su ce wahala ai ita ce gishirin karatu, su ma haka suka sha kafin su zama alarammomi. Akwai gaskiya a ciki, domin juriya ba ta samuwa a kan katifa. Sai dai su da kansu suke ba da hutun nan, wato sun yarda yaro na bukatar gida. Wanda bai samu zuwa ba, rashi ya yi, ba wani darasi ya ƙaru da shi ba. Wasu kuma za su ce a bar kwaskwarima, a rufe tsarin a mayar da yara gaban iyayensu. An gwada. A shekarar 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa sun kwashi almajirai a motoci zuwa jihohinsu, da abin ya lafa zaurukan suka sake cika. Kafin nan gwamnatin Jonathan ta gina makarantun almajirai na zamani, ta buɗe ta Gagi a Sakkwato a 2012, sannan a 2023 aka kafa hukumar tarayya ta ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Ko da duk wannan zai yi nasara, shekaru zai ɗauka, kolon da ke zaure kuwa bana zai yi Sallarsa.

Sukar da ta fi ƙarfi ita ce ta masu cewa uwar ɗaki suna ne mai daɗi da aka laƙaba wa aikatau mai arha. A gidaje da yawa haka ne, yaro ya wuni yana wanki a sallame shi da ƙanzo. Amma wannan hujja ce a kan waɗannan gidajen, domin wanda ya ci moriyar ƙarfin yaro shekara guda ya ɗauki haƙƙinsa, ko ya sani ko bai sani ba. Iyaye ma ba su tsira ba: wanda ya kasa kuɗin mota ba zai kasa kiran wayar malam ba.

Mai karatu, in akwai almajirin da ke ɗebo ruwa a gidanku, a tambayi sunansa da garinsu, a kuma tambaye shi ko zai je gida bana. In ya ce a'a, a ƙirga da shi tun wajen sayen yadi.